Gado Na Bakwai

Ƙarfe uku saura kwata a Hull.
Ruwa na bugun tagar hawa na huɗu.
Desmond Ackroyd, gado na bakwai,
wanda ya shekara talatin yana jan taru cikin ƙanƙarar teku,
yau na'ura ke ja masa numfashi:
ta hura, ta saki, ta hura.

Na kai matarsa ɗakin nan mai kujeru uku.
Glenys. Rigar barci na leƙowa ta ƙasan kwat ɗinta,
takalmi ƙafa ɗaya ba a ɗaure ba.
Na ce, akwai wani bincike.
Iskar da muke tura masa cikin huhu,
wasu a ba su da yawa, wasu daidai-wa-daida,
kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a.

Ta dube ni kamar na taka mata ciwo.
"Caca za ku yi da mijina?
Ke ba likita ba ce? Ba shi wadda ta fi."

Abin da ban koya a makaranta ba ke nan:
yadda ake buɗe baki da farar riga a jiki
a ce, ban sani ba.

Na faɗa mata gaskiya.
Babban likitan Litinin ya rantse da yawa,
na Alhamis ya rantse da kaɗan,
kowa da furfurarsa, kowa da kaburburan da ba ya ƙirgawa.
Da ciwon ya jira kwana uku
da wani hannun ne zai murɗa makunnin.
Ƙuri'ar tana nan tun can, Glenys,
jadawalin aiki ke jefa ta,
sai dai ba mai rubuta yadda ta faɗi.

Abin da ban faɗa mata ba:
a Gumel, jajibirin salla, idan an kasa naman watanda,
ƙanena Ɗanlami ake sa wa ya juya baya.
A nuna kashi, ya kira suna,
a nuna kashi, ya kira suna.
Ba don mahauci azzalumi ne ba,
don ido yana da nasa 'yan uwan.
Nawa idon ma haka.
Na san wanda nake so ya tashi,
kuma son ba ya warkarwa.

Ta ce, "In na ƙi fa?"
Na ce, ba abin da zai ragu daga kulawarsa,
ko ɗigo.
Ta ce, "Shi da ba ya sayen taya sai ya zaga shago huɗu."
Ta yi dariyar da ta karye a tsakiya.
Biron ya daɗe a hannunta.
Ni kuwa ina jin nauyin abin da nake roƙo:
yardar mutumin da ba ya nan,
daga bakin matar da ba ta yi barci ba.

Ta sa hannu.
Lamba dubu ɗaya da ɗari huɗu da sha biyu.
Allon ya ce: kaɗan.

Rana ta tara ya buɗe ido.
Da aka zare bututun, shayi ya fara nema.
Muka sake kawo takardar, yanzu gare shi,
ya karanta har ƙananan rubutun, ya ce a bar sunansa.

Glenys ta kama hannuna a bakin lif.
"Ƙuri'ar ce ta cece shi, ko?"

Gado na biyar ma kaɗan ya samu.
Ranar Talata muka naɗe zanensa.
Zangarniya ɗaya ba ta faɗin albarkar gona,
sai an tara dami, an sussuka, an auna,
shekara uku nan gaba, wataƙila huɗu,
don wani da yanzu yake jiran bas
lafiya lau.

Na ce mata, ban sani ba.
Ta ce, "Kin faɗa tun farko."
Ƙofar lif ta rufe.